Rabin Ƙafa a Tudun Rairayi

Warin ambiriyaj ɗin mota da ya ƙone bai yi kama da warin komai ba. Ba na roba ba ne, ba na mai ba ne. Ya fi kusa da warin ƙaho idan ya faɗa wuta, sai dai shi maƙalewa yake yi a maƙogwaro, ka wuni kana haɗiyarsa. Shekaranjiya a tashar Magarya wani matashi yana kokawar fitar da motarsa daga yashi, ya cika mata wuta, ƙafarsa ta hagu tana rabi a kan feda, warin ya taso ya same ni ina alwala. Na ajiye buta na je na yi masa faɗa, kamar yadda na saba yi wa duk yaron da na ga yana cutar mota. Ya ba ni haƙuri ya tafi. Ni kuma na dawo na tsuguna, na kasa tuna inda na tsaya a alwalar.

Zan ba ka labarin a jere, don ban iya magana a hargitse ba. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma na san abin da ke zuwa gaba da abin da ke biye masa.

Mahaifina direba ne. Motarsa bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ƴan Najeriya ke ce wa a-kori-kura. An ce da can fara ce, amma ni ban riske ta da farinta ba. Daga garinmu Waca yake ɗaukar buhunan gero da wake da gyaɗa, mutane su hau bisa buhunan, ya kai su kasuwanni. Babbar tafiyarsa ita ce ta ranar kasuwar Guci.

Mu uku ne a gida: Baba, da Kaka wadda ta haife shi, da ni. Mahaifiyata ta bar gidan tun ina ƙarami. Ba wanda ya gaya mini dalili, ni kuma ban tambaya ba, domin a gidanmu yaro ba ya tambaya. Daga baya ta auri wani manomi a wani ƙauye da ke kan hanyar Guci. Ɗakinta ya zauna a rufe, aka riƙa zuba harawa a ciki. Da safe idan na farka ina jin dakan maƙwabta, taɓare biyu ko uku suna amsa wa juna. A gidanmu taɓarya ɗaya ce, ta Kaka, tana sauka a hankali, ta tsaya ta huta, ta sake sauka. Kaka ta sha yi wa Baba maganar aure. Kullum amsarsa ita ce a bari a gama aikin gona. Za a gama aikin gona, a cika rumbu, rumbu ya yi ƙasa, damina ta dawo, magana tana nan inda take.

Ni ɗan fari ne. Ka san kunyar ɗan fari, amma idan kai ɗan zamanin nan ne ba ka san nauyinta na wancan lokaci ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” yake cewa, ko ya yi gyaran murya. Ba ya koya mini komai kai tsaye. Idan yana son in san abu, sai ya kira yaron motarsa ya yi masa bayani da ƙarfi, a inda zan ji. Ta haka na koyi ambiriyaj, wanda a tsallaken iyaka ake ce wa kuloci.

Abu uku ne, in ji shi. Akwai disk, faifai ne mai fata gaba da baya. Akwai filato, shi ne ke danne disk a jikin ƙaton faifan inji, har ƙarfin inji ya wuce zuwa ƙafafun mota. Akwai bute, ɗan ƙaramin abin da ke tura filato ya saki idan ka taka fedar hagu. Ka taka har ƙasa, an rabu. Ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, an haɗu. Amma ka tsaya a tsakani, disk bai kama ba kuma bai saki ba, sai gugar juna, kamar dutsen niƙa da ba a zuba masa hatsi ba. Wannan shi ake kira rabin ƙafa, kuma a wurin Baba babu laifin da ya kai shi.

Dokokinsa ba su canzawa. Kowace safiya, bayan ya duba mai da ruwa, zai durƙusa ya danna fedar da hannu, ya ga ko wasanta na sama ya kai faɗin yatsa biyu. Idan ya ragu, zai gyara kafin ya tada inji. Direba ba ya ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, wurin ƙafar hagu ƙasa ne. Idan an tsaya, a fitar da mota daga giya, ba a riƙe ta da ƙafa ana hira. Idan kuma lokacin canji ya yi, ukun nan tare suke tafiya, ba a sa sabon disk a bar tsohon bute don rowa, domin gobe za a sake sauke akwatin giya saboda shi. Na ga ranar da ya sallami wani yaron mota mai ladabi da ƙwazo, don kawai ya kama shi sau biyu yana rabin ƙafa a tasha.

Wannan mutumin, mai waɗannan dokoki, shi ne yake karya su da kansa duk ranar kasuwar Guci, a wuri guda.

Hanyar rairayi ce. Duk direban da ya san ta ya san yadda ake hawan tudu: tun kana ƙasa, a kan fako mai tauri, za ka zaɓi giyar da za ka hau da ita, ka ba ta wuta, ka shiga yashin a guje. Ba ka canza giya a tsakiya, ba ka rage gudu, ba ka tsayawa ko da wa ya ɗaga maka hannu. Ka tsaya, ka nutse. Akwai wani tudu mai tsawo a hanyar, ƙauye yana bisansa, kuma gidan da ke bakin hanya, mai darnin kara da aduwa a ƙofa, nan mahaifiyata take aure.

Baba ba zai iya tsayawa a wurin ba. Na farko, yashi ba zai bar shi ya tashi ba. Na biyu, ƙofar wani ce, kuma matar wani ce. Amma tun ina ɗan shekara bakwai ko takwas ya je ya gaya wa mushe, malaminmu na lakwal, cewa ranar kasuwar Guci yana bukatar wanda zai riƙe masa jarkar ruwa. Ya zaunar da ni a gaba, jikin taga, jarka a tsakanin ƙafafuna. Idan mun iso fakon gindin tudu, zai miƙo hannu ta gabana ya goge madubin gefena da bakin rigarsa, ya daidaita shi, sannan ya sa giya. Mu shiga yashin a guje kamar kowa. Sai mun kusa aduwar nan, in ga ƙafarsa ta hagu ta tashi daga ƙasa ta hau feda, ta danna rabi. Inji ya ɗauki kuka, mota ta koma tafiyar tsohon jaki, tana ja a hankali, ba ta tsaya ba, ba ta kuma nutse ba.

Kullum tana waje a lokacin. Wata rana sheƙa take yi, wata rana ɓarar gyaɗa, wata rana wankin ƙwarya. Gefenta take ba hanya. Ba ta ɗaga hannu, ba ta ɗaga kai, domin ita ma ni ɗan farinta ne. Abin da nake gani shi ne kuncinta, da ɗan kunnenta, da yadda hannunta ke rage sauri a kan aikin. A ƙarshen darnin kuwa, daidai tsayin tagar mota, akwai ƙullin tsumma a rataye. In miƙa hannu in cire. Ƙuli-ƙuli ne galibi. Lokacin kaka dafaffiyar gyaɗa, wani lokaci aya. Baba yana kallon gabansa kamar ba ya ganin komai. Da mun wuce sai ya ɗauke ƙafa, mota ta zabura, warin ya biyo mu ta ƙasa ya cika gaban motar.

Wasu yaran idan ka tambaye su ƙamshin uwarsu, za su ce maka hayaƙin murhu ko man shanu. Ni nawa shi ne ƙonannen disk da ƙuli-ƙuli. Da damina, idan ruwa ya danne yashi, warin kaɗan ne. Da bazara, lokacin da rairayi ke kwance kamar gari, har hawaye yake sa mutum. Ni ban taɓa toshe hanci ba.

Baffana, ƙanin Baba, makanike ne a Magarya. Shi yake canza mana ambiriyaj, kuma ya fara lura da cewa namu ba ya kai lokacin na mutane. Na tuna wata rana ya fito daga ƙarƙashin motar da tsohon disk a hannu yana jujjuya shi.

“Yaya, wa ke tuƙa maka motar nan?”

“Ni.”

“A'a. Dubi nan, ka ga yadda ya yi shuɗi? Wuta ce ta ci shi, ba kaya ba. Wannan aikin ɗan koyo ne.”

“Hanyar Guci akwai yashi.”

“Yashin bai ci na sauran direbobi ba.”

“Sa sabo,” in ji Baba. Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya koma ƙarƙashin mota.

Ranar da abin ya faru, bazara ce, ana dab da saukar ruwa. Alamu sun riga sun nuna. Fedar ba ta kamawa sai ta dawo can sama, kuma idan aka ba mota wuta, inji ya yi ihu amma gudu ba ya ƙaruwa. Baba ya sani. Da safen ma ya gwada ta yadda ya saba: ya ja birkin hannu, ya sa babbar giya, ya saki feda a hankali. Lafiyayyen ambiriyaj kashe inji yake yi nan take. Namu sai da ya yi jinkiri. Ya riga ya aika wa Baffa ya nemo sabo wurin masu kawo kaya ta garin Mallawa, bai iso ba tukuna. Da ya hau tudun a guje ranar nan, da mun kai Guci mun dawo lafiya. Tun daga fako nake kallon ƙafarsa. Ya goge madubi. Muka shiga yashi. Muka kusa aduwa. Ƙafar ta tashi.

Inji ya yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Mota ta rage, ta ƙara ragewa. Baba ya ɗauke ƙafa, ba abin da ya kama. Hayaƙi ya fito ta ƙasa. Muka tsaya cak, a ƙofar gidan, ƙullin tsumman yana lilo dab da fuskata.

Ya kashe inji. Shirun da ya biyo baya har kukan kurciya na ji a cikin aduwa.

A cikin fasinjoji akwai wata mai sayar da man gyaɗa, taubashiyar Baba ce, ƴar kawunsa, ni ina ce mata Gwaggo. Ka san tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa. Mace ce mai jiki da murya. Daga bisa buhuna ta ce:

“To, alhamdu lillahi, mun iso! Shekara da shekaru ana shaƙa mana hayaƙi a wurin nan, yau dai an sauke mu. Direba, ai da ka ce nan ce tashar, da mun taho da goro.”

Wasu suka yi dariya.

“Duk motocin hanyar nan a guje suke hawa,” in ji ta. “Tamu ce kaɗai mai ladabi, sai ta durƙusa ta yi gaisuwa.”

Dariyar ta ƙaru, sannan ta mutu, domin mutanen ƙauyen sun fara fitowa kuma sun ji. Mahaifiyata ta bar faifanta a ƙasa ta shige gida. Kaji suka taru a kan geron.

Maigidan, mijin mahaifiyata, ya fito, dogon mutum mai furfura a gemu. Ya yi sallama, ya ce, “Sannu direba, sannu da hanya. Allah ya kiyaye gaba.” Ya sa aka kawo tabarma da ruwa. Baba ya yi godiya yadda ya kamata, bai rage komai a gaisuwar ba, amma bai zauna a tabarmar ba. A inuwar motarsa ya tsuguna. Fasinjoji suka kwashi kayansu a ka zuwa bayan tudu, inda wata mota za ta iya tsayawa ta ɗauke su. Aka ba wani direba saƙo zuwa ga Baffa.

Da magariba wata ƴar yarinya ta fito daga gidan da kwanon tuwo. Ban taɓa ganinta kusa ba, amma na san ƙanwata ce, don goshinmu ɗaya. Kwanon ma na san shi. Fari ne mai jan fure, ya ɗan ɓantare a baki. A cikinsa na fara cin abinci a duniya. Ta ajiye ta ce, “Inna ta ce a ba yaron direba.” Na tura wa Baba, ya girgiza kai. Ya ciro dabino daga aljihu ya ci. A gindin motar muka kwana.

Da hantsi Baffa ya iso a bayan babur, da buhu a cinyarsa. Ya dubi aduwa, ya dubi darni, ya ce a kawo shebur.

Ga yadda ake canza ambiriyaj a inda babu garaj. Ana haƙa rami a ƙarƙashin motar, daidai yadda mutum zai zauna. Ana shimfiɗa tabarmi a ciki da kewaye, domin yashi ko ƙwaya ɗaya ya shiga wurin da bai kamata ba, an yi aikin banza. Ana cire wayar batir. Ana kwance dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, sannan sandar giya, sannan kusoshin da suka riƙe akwatin giya a jikin inji. Baffa ya nemi abin zuba kusoshi, sai kwanon nan mai jan fure aka samu, na riga na wanke shi. Ni na riƙe. Akwatin giya nauyi gare shi, ba ya saukuwa sai da igiya da katako da ƙarfin mutane. Da aka zo wurin, maigidan ya naɗe hannun rigarsa ya kama bakin katako ɗaya, Baba ya kama ɗayan. Suka sauke shi tare, a hankali, kowa yana kallon ƙarfen, ba wanda ya kalli wani.

Da aka ciro tsohon disk, babu fata a jikinsa. Sai ƙusoshin da suka riƙe ta suna ƙyalli, da baƙin gari yana zuba. Faifan inji ya yi tabon wuta, Baffa ya zauna ya goge shi da takardar yashi har ya yi sumul. Sannan ya wanke hannunsa da fetur, ya buɗe buhu, ya jera kaya kashi biyu a kan tabarma.

“Yaya, biyu na samo,” in ji shi, ya yi ƙasa da murya, amma a wurin babu wanda bai ji ba. “Wannan irin wanda muka saba sawa ne. Yana da laushi, yana haƙuri da ƙafa, ka riƙe shi a rabi zai bi ka. Amma ka ga ƙarshensa, ga shi nan a ƙasa. Wannan kuwa na manyan kaya ne. Fedarsa tauri, ƙafa za ta ji jiki. Zai daɗe. Sai dai bai san rabi ba, ko ya kama ko ya saki. Ka ce za ka lallaɓa shi, motar za ta yi ta fizga har ta mutu. Zaɓi.”

Mazan ƙauyen suna zaune a inuwar aduwa. Maigidan yana tsaye yana kaɗe yashi daga gwiwarsa. Maganar Gwaggo ta jiya ta riga ta shiga kowane gida. Ni yaro ne, amma na gane abin da ake zaɓa. Idan ya ɗauki mai laushi, ya faɗa wa kowa cewa zai ci gaba da rage gudu a ƙofar wani, kuma maganar ba a kansa kaɗai za ta faɗa ba, har da wadda ke cikin gida. Idan ya ɗauki mai tauri, ni na gama ganinta.

Baba bai yi gaggawa ba. Ya duba su yadda yake duba kowane kaya. Ya ɗora kowanne a kan tsohon ya ga faɗinsu ɗaya. Ya zura kowanne a kan ƙarfen akwatin giya ya ga haƙoransa sun shiga ba tare da tilas ba. Ya girgiza su a kunne ya ji ko akwai abin da ke motsi. Ya shafa fatar da babban yatsa. Ya daɗe da mai laushin a hannu. Sannan ya ajiye shi.

“Sa mai tauri.”

Na ajiye kwanon na zaga bayan mota. Sai da Baffa ya kira ni sau biyu kafin na dawo, don kusoshin suna hannuna kuma aiki ba ya jira. Ya daidaita disk a tsakiya da wani guntun ƙarfe da yake yawo da shi, ya ɗora filato, ya ɗaure kusoshi yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kaɗan-kaɗan, don kada ya karkace. Ya sa sabon bute. Aka ɗaga akwatin giya aka mayar. Baba da kansa ya durƙusa ya auna yatsa biyu. Aka cike ramin, aka shimfiɗa karan gero a gaban tayoyi, mazan ƙauyen suka tura. Yarinyar nan ta rugo ta jefo mini ƙullin tsumman ta taga. Ban buɗe shi ba sai a gida.

Makon da ya biyo baya ya fi kowane mako tsawo. Baba yana dawowa yana ɗingisa ƙafar hagu, Kaka tana ɗora masa ruwan zafi ba ta tambaya. Ni na ɗauka zancen jarka ya ƙare, har na shirya allona na lakwal. Amma da safiyar kasuwar Guci na ji gyaran murya a ƙofar ɗaki.

“Kai. Ɗauko jarka.”

Muka tafi. Ban kalli ƙafarsa ba a hanya, na san babu abin kallo. Da muka iso fakon gindin tudu, maimakon ya ba ta wuta, sai ya taka birki. Ya fitar da ita daga giya, ya sauke ƙafarsa ƙasa, kamar yadda doka ta ce. Bai taɓa madubi ba.

“Sauka,” in ji shi, yana kallon gaba. “Motar ta yi nauyi, sabon disk ba ya son kaya. Ka hau da ƙafa. Ka same mu a gindin gawon can bayan tudu.”

A bayan motar akwai buhuna har sun wuce kan direba, da raguna biyu, da mutane, da Gwaggo wadda ta ninka ni uku. Kowa ya juya yana kallonta, ana jiran abin da za ta ce. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Gaskiyar direba,” in ji ta. “Yaron nan ya yi ƙiba. Tun daga Waca nake jin motar tana nishi.” Ta gyara mayafinta, ta kalli wani gefe. Ba wanda ya yi dariya.

Na sauka. Baba ya ce, har yanzu bai dube ni ba, “Zan duba ruwan inji a can. Sai ya huce ake buɗewa.”

Motar ta shiga yashin a guje, ta hau, ta wuce aduwa kamar kowace mota. Babu kuka, babu wari. Ni kuma na bi sawunta, yashi yana ƙona mini tafin ƙafa. Daga nesa na hango ta. Ta miƙe tsaye, faifai a hannu, tana bin motar da kallo, ƙullin yana rataye inda yake. Ranar ce na fara ganin fuskarta duka tun da na yi wayo. Sai ta juyo ta gan ni ina tahowa ni kaɗai. Ta yi sauri ta ba ni gefe, ta zauna, ta ce wa yarinyar, “Ki shimfiɗa wa baƙo tabarma.”

Na zauna a bayanta, kusa har ina jin numfashinta. Ba ta yi mini magana ba. Ƙanwata take yi wa, ni kuma ina amsawa.

“Tambaye shi, tsohuwa tana lafiya?”

“Tana lafiya.”

“Tambaye shi wa ke yi masa aski. Ya bar masa gefe ɗaya.”

“Kaka ce.”

“Hm. Ki zuba masa fura. Ki dama da kyau, ba ya son gudaji.”

Ban san ta tuna da wannan ba. Na sha har ƙasa. Can ta ce, “Ki ce masa ana jiransa.” Na tashi, na cire ƙullin da hannuna, a tsaye a ƙasa, na gangara.

A gindin gawo na tarar da murfin inji a buɗe. Baba yana tsaye ya ba ƙauyen baya, yana leƙa injin da babu abin da ya same shi. Bai danna ham don ya kira ni ba, ranar nan ko wata rana. Ya rufe murfin ya ce, “Shiga.”

Haka muka yi ta yi har na girma na karɓi sitiyari. Ambiriyaj ɗin nan ya daɗe har Baffa yana ba direbobi labarinsa a garaj. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, amma na san muryarta, na san dariyarta idan ƙanwata ta yi shirme, na san tana da tabon ƙuna a wuyan hannu. Duk wannan a cikin mai tauri na same shi.

Sai da na zama direba, na zauna a kujerarsa, na dubi madubin gefen fasinja, sannan na ga abin da yake nunawa idan an daidaita shi yadda Baba ke yi. Bakin hanya yake nunawa, daidai tsayin mutumin da ke zaune a ƙasa yana aiki. Ni a lokacin ta taga nake kallo, ban bukaci madubi ba. Tun ranar da ya ce a sa mai tauri bai sake goge shi a wurin ba. Ya wuce ƙofar nan a guje shekara da shekaru, idonsa a kan hanya, ya je ya tsaya a gindin gawo yana jiran inji ya huce. Bai ƙara aure ba.

Yanzu an zuba jan ƙasa a tudun, ko ƙaramar mota tana hawa ba ta sani ba. An sare aduwar, gidan ya koma katangar siminti, waɗanda ke ciki ba su san ni ba. Har motocin da ba su da fedar hagu sun fara shigowa, yara suna tuƙa su da ƙafa ɗaya suna magana a waya. Iyayen yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa a gaban kowa, su ɗora shi a cinya. Ban ce sun yi laifi ba. Ni dai ban iya ba. Nawa yana Damagaram, idan ya kira ni na kan ce, “Kai ne?” sai mu yi maganar farashin mai da lafiyar mota, mu ajiye.

Ina bin hanyar Guci har yau. Idan na iso wurin, ƙafata ta hagu ta kan tashi da kanta ta nemi feda. In mayar da ita ƙasa, inda doka ta ce.

Shekaranjiya, da na kasa tuna inda na tsaya, sai na sake alwalar daga farko, a jere, yadda aka koya mana. Ƙafar hagu ce ta ƙarshe. Na daɗe ina zuba mata ruwa, har butar ta ƙare.